Fatar Talibambam a Kan Danga

Ranar Asabar bayan la'asar aka shigo ofishin 'yan sanda na Gwandu da mace a tsakiyar maza huɗu. Babu wanda ya taɓa ta, amma yadda suka kewaye ta ya ishi Sufeto Abdulbaƙi ya ajiye bironsa.

Wani dattijo mai faɗin kafaɗa ya matso gaban kantar ofishin.

"Yallaɓai, ni ne Sule. Ɗan ƙanena Mamman ya rasu ɗazu a asibiti. Lahiya lau yat tashi, tuwon wagga mata yac ci, bakinai ya mutu, hannuwa sunka mutu, numfashi yat tsaya. Ga ta nan, Halima Sadiya. Mun kawo ta da hannunmu kada yara su yi aika-aika."

Sufeto ya dubi matar. Idonta a bushe yake, kuma a shekara ashirin da ya yi yana aiki ya san busasshen ido ba shaida ba ne. Wani baƙin cikin ba ya zuwa da hawaye.

"Me kika dafa?"

"Tuwon dawa da miyar kuka, ranka shi daɗe. Ni ma shi nic ci."

"Bai ci komai ba bayan tuwon?"

Ta sunkuyar da kai. "Bai ci komi ba."

Likita ya tabbatar masa a waya cewa guba ce mai kashe jijiya, amma ba irin maganin ɓera ko na feshin gona da ya saba gani ba. Dipio kuwa bai ja zance ba: ranar Litinin a tura mace da fayil Birnin Kebbi, tuhumar kisan kai. Haka Halima Sadiya ta fara takabar mijinta a kan tabarmar sel, abin da ya tsaya wa Sufeto a rai.

Da safiyar Lahadi ya tafi gidan mamacin a hanyar Dalijan. Ya bar masu zaman makoki a ƙofar gida, ya sa Sule ya zagaya da shi baya. Can gindin danga ya ga tokar murhu da wayar gashi mai maiƙo. Gefe guda ga wani shuɗin bokiti, guntun ruwan da ya rage a cikinsa ya ƙafe, ya bar farin ɓawo a jiki. Ya dangwala da yatsa, ya murza. Gishiri ne.

Da ya ɗaga kai sai ya ga wata fata an baje ta a kan danga da tsinke huɗu, ta kai faɗin faifai.

"Baba, wannan fa?"

Sule ɗan gidan masunta ne, kakanninsa a bakin gulbi suka tsufa. Ya ciro fatar, ya juya ta, ya shinshina, sai fuskarsa ta sauya.

"Hwatar kihin talibambam ce. Mamman kan shanya ta don ganga. Amma Yallaɓai, wanga ba na gulbinmu ba ne. Namu ratsi ruwan ɗorawa gare shi. Wanga dubi, ɗigo-ɗigo kamar zabuwa. Tunda uwata ta haihe ni ban ga irinai ba."

"Ana cin naku?"

"Wanda ya iya gyara shi shina ci. Mamman ya iya."

Sufeto ya nemi wayar mamacin, aka ɗauko masa daga aljihun rigar da ya mutu da ita. Saƙo na ƙarshe hoto ne na wani rubutun Turanci, an turo shi ƙarfe goma da rabi na safiyar Asabar. A ƙasansa an rubuta: "Ka gani ko? Sun ce ba komai." Mai turowa Habibu Sola.

"Wane ne Habibu?"

"Ƙanen matar ne," in ji Sule. "Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Kalgo yake, shina sai da kayan sola. Jiya da anka kira shi yac ce zazzaɓi ya hana shi tahowa."

Sufeto ya koma ofis, ya sa aka fito da Halima Sadiya. Bai yi mata tsawa ba, fatar kawai ya shimfiɗa a kan tebur.

"Kin ce bai ci komai ba."

Ta dubi fatar, ta ce, "Kihi ne yag gasa da kainai. Ya miƙo mini, nic ce ƙarninai ya yi mini yawa."

"Daga ina ya samo shi?"

"Ban sani ba."

"Za su kai ki Birnin Kebbi gobe, Halima. Kin san abin da ake tuhumarki da shi?"

"Na sani, ranka shi daɗe."

Sufeto ya gane ƙaryarta ba ta ceton kai ba ce, ya ɗauki hularsa ya kira kofur ya tayar da mota.

Shagon Habibu a Kalgo ba ya ɓata. Sanyin na'ura ne ya fara tarbarsu, sannan wani akwatin gilashi mai tsawon taku uku, cike da ruwa garai-garai, da shuɗiyar fitila da fararen duwatsu. An manna takarda a jikinsa: "Ruwan teku a Kalgo, wuta ba ta ɗaukewa." Babu kifi ko ɗaya a ciki. Bututun da ke hura iska duk an gatse shi, kamar akuya ta samu igiya.

Habibu ya fito daga ciki, matashi mai gyararren gemu. Ba alamar zazzaɓi a jikinsa, sai dai ta rashin barci.

"Ina kifin da ke cikin nan?"

"Ya mutu, Yallaɓai. Ya kai wata guda. Na binne shi."

"Wata guda kana hura wa ruwa iska?"

"Ina jiran wani daga Legas."

Wata mata mai goyon ciki da ke rubuta rasit a kusurwa ta ɗago kai. Binta ce, ma'aikaciyar shagon. Sufeto ya juya wajenta.

"Malama, yaushe rabonki da kifin?"

Ta dubi maigidanta, ta dubi kakin 'yan sanda, ta zaɓi faɗin gaskiya.

"Jiya da sahe, Yallaɓai. Mijin yayarshi ya zo, sunka sa shi a shuɗin bokiti da ruwanai. Ni dai na ji daɗi da anka ɗauke shi. Ya yi girma har ba ya iya juyawa, kullum hancinai na gugar gilashi, abin tausai."

Habibu ya zauna a kan kwalin batir ba tare da an ce ya zauna ba. Sufeto ya miƙa hannu, Habibu ya ba shi wayarsa.

A cikin wayar ya tarar da wani zaure na intanet inda masu kiwon kifin ado ke tambayar juna. Habibu ya goge hirarsa da Mamman, amma abin da ya rubuta a zauren yana nan daram. Sufeto ya bi shi tun daga farko.

Shekara biyu da suka wuce Habibu ya tambaya ko ɗan talibambam na teku, mai tsawon yatsa, zai zauna a akwati irin nasa. Wani mai kiran kansa Sarkin Teku, wanda 'yan zauren suka jera wa taurari biyar na shaidar gwaninta, ya amsa cewa kifi ba ya wuce girman mazubinsa. Ga fatar nan a jakar Sufeto tana ƙaryata shi.

Jiya da safe Habibu ya sake tambaya: kifin ya fi ƙarfin akwati, babu mai saye, ko ana iya cinsa? Sarkin Teku ya ce wanda ya daɗe a gilashi gubarsa ta tafi, tunda daga abincin teku yake samunta. Wannan ce amsar da aka tura wa Mamman.

Amma akwai wata a ƙasa. Ƙarfe goma sha biyu saura kwata, wata mata mai tauraro ɗaya ta rubuta da manyan baƙaƙe: kada kowa ya ci. In a teku aka kamo shi, gubar tana iya zama a jikinsa shekaru, wuta ba ta kashe ta, kuma ba ta da makari.

A ƙarƙashinta, ƙarfe sha biyu da minti goma, Habibu ya amsa: "Sarkin Teku ya fi ki sani."

Sufeto ya juya masa fuskar wayar.

"Ƙarfe nawa Mamman ya ci kifin?"

Sufeto ya ba kansa amsa.

"Bayan azahar, Habibu. Awa biyu da wani abu wannan gargaɗin yana hannunka, lambarsa tana hannunka."

Nan Habibu ya karye.

"Wallahi ba nufina ba ne. Shi yac ce in tambayo mishi malaman wayata, don bai san na teku ba. Ya yarda da ni, Yallaɓai, kullum cewa yake ni ne mai boko a gidan. Da nig ga maganar matar gabana ya faɗi. Na ɗauko lambarshi har sau biyu. Sai nic ce in na kira shi zai ce ashe ban san abin da nike yi ba. Nic ce mai taurari biyar ba ya kuskure sau biyu."

"Ka san ya yi kuskuren farko ke nan."

"Na sani."

"Ka san inda yayarka ta kwana?"

Ya rufe fuska da hannu biyu. Ya sani. Wannan ne ya fi ɓata wa Sufeto rai, fiye da kifin da taurarin duka. Ya ce wa kofur ya kashe fitilar akwatin, ya sa wa mutumin ankwa.

La'asar sakaliya suka iso Gwandu. Sule yana zaune a benci, da ya ji bayani ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Aka buɗe sel, Halima Sadiya ta fito da tabarmarta a naɗe.

"Ɗiyata, ki yahe muna," in ji Sule. "Mun ɗauki alhakinki."

Ba ta ji shi ba. Idonta yana kan ƙanenta da ke tsaye gaban kanta, ana cire masa agogo da ɗamara.

"Yaya..." ya fara.

Sufeto ya riga ya karanta mata abin da ke cikin wayar, har da lokutan. Ta matso kusa da Habibu, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Na ɗauka ba ka sani ba, Habibu. Don haka nir rufe bakina. Da Birnin Kebbi zan tahi saboda kai."

Bai iya ɗaga kai ba. Kofur ya ja shi zuwa ɗakin da ta fito, ta bi shi da kallo. Sai ta kira kofur ɗin, ta miƙa masa tabarmar.

"Ba shi," ta ce. "Simintin akwai sanyi."

Sannan ta juya ga Sule, hawayen da suka ƙi zuwa tun jiya suka zubo.

"Baba, kai ni ɗakina in yi wa mijina takaba."