Ganyen Kukar Musa

Da gudu Hamma ya shigo rayuwar Yakura, kuma ba gudun jarumta ba ne.

Ranar kasuwar Dungas ce, a shekarar da fari ya gama da shanu. Masu rigakafi sun zo daga Magarya sun kafa tebur a gindin gawo, Yakura tana taya su riƙe yara. Wani dogon saurayi ya zo wucewa, sanda a kafaɗa, daidai lokacin da likita ya ɗaga allura sama. Kallo ɗaya ya yi wa tsininta, ya juya a guje, ya yi fatali da ƙwaryar ruwan da ke gefen Yakura.

"Kai bawan Allah, ta yara ce fa!" ta ce, kasuwa ta ɗauki dariya.

Da rana ta yi sanyi sai ga shi ya dawo, ya ɗebo mata ruwa a madadin wanda ya zubar.

"Sunana Hamma," ya ce, kansa a ƙasa. "Allura aka yi wa innata a sansanin masu gudun yunwa. Ba ta sake tashi ba."

Dariyar da Yakura ta tanadar masa ta maƙale. "Allah Ya ji ƙanta. Amma ina jin yunwa ta riga allura zuwa."

"Haka kowa ke cewa. Ni dai tsinin na gani."

Tun daga ranar ya san hanyar gidansu a Guci. Ita tana kiransa Sarkin Gudu, shi kuma yana ce mata Inuwata. Ran da bai samu zuwa ba, tsohuwa Ƙande mai fura ke kai saƙo, kuma ba ta rage ko kalma ɗaya, sai dai ta ƙara.

Malam Gajere, mahaifin Yakura, bai yi na'am ba. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa.

"Makiyayin da babu ko akuya, da me zai ci da ke?" ya ce. "Ga Ɗanasabe da kamiyonsa, babbar motar kaya, kullum Babura, kullum Kano. Ba zan tilasta maki ba, amma ki duba."

Ta duba. Ɗanasabe yana da turare da sabulu da baki mai yawa. Zuciyarta ba ta motsa ba.

A bayan gari kuwa sansanin waɗanda yunwa ta koro daga arewa sai cika yake yi, har da sauran dangin Hamma a ciki. Kusan kullum sai an ga maza sun fito da ɗan abu a naɗe a tabarma sun nufi maƙabarta. Samariya, ƙungiyar matasan gari, ta kira taro don a tara kuɗin sayen hatsi, amma me za a tara? Kowa rumbunsa ya ga ƙasa.

Nan Hamma ya miƙe. "Kuka ta yi tsada a Najeriya. An tsige kowace bishiya tun ganye bai buɗe ba, saura ɗaya. Ga ta can gabas da gari, kore shar."

Wurin ya yi tsit, kamar an yi sallamar mutuwa.

Kukar Musa ake ce mata. Shekarun baya wani saurayi mai suna Musa ya hau ta, ya sauko da ɗan rauni a ƙafa yana dariya. Bayan 'yan kwanaki haƙoransa suka sarƙe, bayansa ya sandare, ya mutu ko ruwa bai iya haɗiya ba. Aka ce masu bishiyar ne suka karɓi abinsu. Tun daga nan ko jaki ba a ɗaurewa a inuwarta.

Ɗanasabe ne ya fasa shirun da dariya. "Wanda ya gudu don allurar yara shi zai hau Kukar Musa? To ku shaida. In ya hau, zan sayi ganyen duka a farashin Babura, in ƙara buhun hatsi daga aljihuna."

"An shaida," in ji Hamma.

Washegari Ƙande ta same shi da saƙo. "Ta ce in gaya maka: 'Sarkin Gudu, in ka taɓa bishiyar nan, kada ka ƙara nemana.'"

Da safen nan Hamma ya ga kamiyon Ɗanasabe a ƙofar gidan su Yakura, abin yana cin sa. "Ki ce mata: 'Na ga motar da ke ƙofarku. Ba sai kin nemi dalilin rabuwa da ni ba.'"

Ƙande ta sauke ƙwaryarta ta dube shi sama da ƙasa. "Tsawon banza! Wannan ba zan kai ba. Kai ba ka san wane ne Musa ba? Wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana ƙarama ta tsaya a kansa tana kallo."

Jikin Hamma ya yi sanyi. Ya sunkuyar da kai.

"To ki ce mata: 'Inuwata, ban sani ba, ki yafe mani. Ni ma tsoro nake ji. Amma jiya da hannuna na haƙa wa 'yar ƙanwata kabari, kuma bai fi tsawon sandata ba. Zan hau.'"

Yakura ta ji saƙon, ta juya ta shige ɗaki. Malam Gajere kuwa cewa ya yi duk wanda ya taɓa bishiyar ya yi sallama da ƙofarsa.

Ranar hawa gari ya waye da wani irin shiru, babu iska, babu kukan tsuntsu. Jama'a sun fito, amma daga nesa suka tsaya, daidai inda inuwar ta ƙare. Hamma ya yi bisimilla ya kama tsofaffin turakun da ke jikin kukar, wasu na itace, wasu na ƙarfe da tsatsa ta cinye. Da ya kai sama sai wasu jemagu suka fito daga kogonta da rana tsaka. Mata suka ɗauki salati.

Ganye ya fara zubowa. Ya zuba, ya taru, babu mai shiga ya kwasa. Rana kuma tana neman ƙona shi a banza.

Ɗanasabe ya gyara hula. "Ganyen da ke buhu na ce zan saya, ba na ƙasa ba."

Sai aka ga Yakura ta fito daga cikin mata da buhu a hannu. Tun mutuwar Musa ko kallon gabas ba ta son yi. Ta tsaya a bakin inuwar, ubanta ya kira sunanta da wata murya da ba ta taɓa ji ba. Ta runtse ido ta shiga.

Sanyin wurin ya ratsa ta har ƙashi. Ta durƙusa ta fara kwasa tana kuka.

"Inuwata!" Hamma ya kira daga sama.

"Yi aikinka, Sarkin Gudu. Ban yafe maka ba tukuna."

Ƙande ce ta biyo ta tana mita, sannan 'yan mata, sannan samari da kunya ta kama. Kafin la'asar buhuna sun jeru.

Wajen saukowa ne abin ya faru. Ƙafar Hamma ta zame, wani turken ƙarfe ya tsaga masa tafin ƙafa. Ya diro yana murmushi. "Ɗan rauni ne."

Babu wanda ya mayar masa da murmushin. Mutane suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya.

Yakura ta riƙe ƙafar da hannu biyu. "Hamma, akwai allurar da ake yi wa mai irin wannan rauni, na ji likita yana faɗa. Ban sani ba ko iska ce ta kashe Musa ko ciwo ne. Wallahi ban sani ba. Amma mu je Magarya."

Fuskarsa ta sauya. Mutumin da ya hau Kukar Musa ya fara waige-waige yana neman hanyar gudu. "A sa mani toka. A yi mani rubutu in sha. Komai, ban da wannan."

"Duk za a yi, har da wannan."

Malam Gajere ne ya yi maganar. Ya ratso inuwar da ya yi shekaru yana kewayewa, ya damƙi wuyan hannun Hamma.

"Toka muka sa wa Musa. Rubutu muka ba shi. Na zauna ina kallon ɗana yana sandarewa kamar itace. Ba zan sake kallon wani ba, ko ɗan wane ne. Ɗanasabe, tayar da motarka."

Ɗanasabe bai yi musu ba. Da ya ga jinin, ya ruga ya tayar da motar.

A Magarya sai da Malam Gajere ya danne masa kafaɗu. Hamma yana gumi, yana kiran innarsa. Yakura ta tsaya a gabansa ta tare masa tsinin.

"Ni za ka kalla. Me ka gani?"

"Ke."

"To ci gaba da gani."

Aka wanke raunin, aka yi allurar. Likita ya ce an yi abin da za a iya, saura jira.

Jiran nan ya fi hawan wuya. Ɗanasabe ya cika alkawari, kuɗin kuka ya zama hatsi, hayaƙi ya sake tashi a sansani. Amma a Guci babu mai murna da ƙarfi. Malam Gajere ya kwantar da Hamma a zaurensa, masu wucewa suna leƙe suna rage murya. In ya yi hamma a firgita, in ya yi shiru a firgita. Yakura ta rame, ko barcin kirki ba ta yi.

Kowace safiya tsohon zai shigo da busasshen ƙuli a hannu, ya tsaya a kansa.

"Buɗe bakinka. Tauna in gani."

Hamma ya tauna. Tsohon ya kafa wa muƙamuƙinsa ido, sannan ya fita. Haka aka yi ta yi har kwanakin da Musa ya yi suka wuce, aka ninka su, raunin ya kame.

Wata safiya ya shigo hannu wofi. Ya zauna a bakin tabarma, idanunsa sun cika.

"Tashi ka koma wurin danginka," ya ce.

A bayan zana, Yakura ta dafe ƙirji.

"Ka ce su aiko manya. Ɗa ɗaya na binne a dalilin bishiyar nan. Kai na riƙe ka, kuma ba zan sake ka ba."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Sadakin tunkiya ce guda, mutanen sansani suka haɗa suka saya masa, babu wanda ya roƙe su. Da liman ya shafa fatiha, Malam Gajere ya ɗora hannu a kan angon.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Allah Ya sa ku ne za ku binne ni."

Jama'a suka ce amin. Hamma kuwa ya kama hannun tsohon da ke kansa, ya riƙe gam.