Sautin da Yolimar Ta Busa

Ranar Laraba ce, rana ta kusa faɗuwa, na naɗe arepa, wainar masararmu, mai zafi a tsumma na nufi babban zauren kiɗa. 'Yata Yolimar ba ta ci komai ba tun safe. A makon ne ƙungiyar makaɗa ta ba ta kujerar babbar mai busa obo, wata irin algaita ta Turawa. Ita za ta riƙa busa dogon sauti guda kafin a fara wasa, kowa ya daidaita kayan kiɗansa da shi.

Don Evaristo mai gadi yana bakin ƙofa da kofin kofi.

"Doña Eufemia," ya ce da ni, "wannan ƙamshin ai zalunci ne ga tsohon gwauro."

"Ka yi aure mana. Ina yarinyar?"

"Duk sun tashi, ita ta ce sai ta ƙara gwaji." Ya ajiye kofin a hankali. "An dai gaya mata ba a busa sautin nan kujeru babu kowa, ko?"

An gaya mata. Makaɗan farko na ƙungiyar, na zamanin kakata, gobara ta ritsa da su a tsohon zaure suna zaune suna jiran a busa musu sautin. Yolimar takan ce labarin tsofaffi ne.

Ina cikin soro na ji ta busa.

Sai goge ɗaya ya amsa. Sai wani. Sai ƙaho. Warin ƙonannen katako ya cika mini hanci.

Na tura ƙofa. Ita kaɗai ce a kan dandamali. Kujerun da ke kewaye da ita babu kowa, amma duk katifunsu sun lotsa.

"Yolimar," na ce a hankali. "Ya isa, 'yata."

Ba ta juyo ba. Fuskarta ta yi shuɗi, sautin bai yanke ba. Ba ta ja numfashi ba tun da ta fara.

Ban ji tsoro ba. Ban ji komai a raina ba. Na hau, carbina a hannu, na ratsa tsakanin kujerun. Zafi yana lasar ƙafafuna.

Wani ya yi raɗa a kunnena: "Saura kaɗan mu daidaita, señora."

Na fizge obon daga bakinta. Leɓenta ya tsage.

Shiru.

Sai kujerun suka juyo, gaba ɗaya.

Na ja ta har titi. Ban waiwaya ba.

Yanzu Yolimar ɗinki take yi a gida. Obon yana ƙarƙashin gadona. Kullum idan rana ta kusa faɗuwa sai keken ɗinkin ya tsaya, ta miƙe zaune, ta tsuke baki, ta ja dogon numfashi kamar za ta busa sautin.

Ni kuwa ina kusa.

"Me za mu dafa gobe?" nakan ce da sauri.

Sai ta dube ni, ta daɗe, ta ce, "Wake, Mama." Numfashin ya tafi a kan wake.