Keken da Ya Ƙi Tsaya wa Tuta

Yalwa tana tankaɗen gari a tsakar gida, 'yarta Tabita kuma ta zauna a gindin mangwaro da tsintsiya a hannu, ko ganye ɗaya ba ta share ba. Idonta na kan katanga, amma hankalinta tuni ya haye gadar kogin Kwara, ya shiga kasuwar garin Malanbil da ke tsallake yana zaɓen atamfar aure.

"Ke Tabita! Tsintsiyar ga jinya kike mata?"

"Na'am, Inna?"

"Na'am ɗin mi? Tun da anka ce Barnaba na kawo goron tambaya ran Asabar kinka koma mai mafarki da ido buɗe!"

Daga cikin zaure, inda yake yankan yadi, mahaifinta Malam Bawa tela ya yi dariya. Shi ne babban dattijon 'yar ƙaramar ikilisiyar da ke Gaya, Bagobiri ne da ɗinki ya kawo shi bakin gulbi shekara talatin da suka wuce.

"Ƙyale ta, Yalwa. Ta yi dace. Yaron ga in ya kama addu'a har tuwo shi huce bai kai amin ba! Ran Lahadi ba ki ga hawaye shina yi ba? Samarin yanzu wa ka kuka gaban Ubangiji?"

Yalwa ta ce, "Ni dai ƙafahuna na ciwo in shi ka addu'a."

Sai aka ji tari daga bayan katanga, tarin Alfari masunci, maƙwabcinsu. Fuskar Malam Bawa ta haɗe nan take, ya ja almakashi ya ci gaba da yanka kamar yadin ne ya yi masa laifi. Wata bakwai ke nan bai ce wa Alfari ko sannu ba.

Ga yadda abin ya faru. A wancan zamani na mulkin soja, da ƙarfe shida na yamma ake busa ƙaho a sauke tuta a bakin bariki, kuma duk wanda ya ji busar, mai kaya a ka ne ko mai jaki, dole ya ƙame inda yake har a gama. Wata Talata Malam Bawa ya kai kekensa wurin Barnaba mai gyaran kekuna aka sa masa sabon birki. Da rana Alfari ya ari keken ya kai busasshen kifi kasuwa, ya dawo da shi. Da yamma Malam Bawa ya hau, ya kama gangaren da ke sauka zuwa gulbi, babbar riga tana kaɗawa. Daidai bakin bariki aka busa ƙaho. Gari ya yi tsit, kowa ya ƙame. Malam Bawa ya matsa birki, birki ya ce bai san zancen ba.

Haka dattijon ikilisiya ya ratsa ta gaban sojoji da tuta da kowa, ƙafafu a sama, yana ihun neman afuwa da Faransanci: "Pardon! Pardon! Ba ni ba ne, shi ne ya ƙi!" Bai tsaya ba sai a cikin tarin yashi.

Kwana uku sojoji suna sa shi sharar farfajiyar bariki da safe don horo, matan kasuwa na wucewa suna rufe baki da gefen zane. Alfari kuwa, da yake Bazabarme ne, Bagobiri abokin wasansa ne tun kakanni, sai ya tsaya a bakin hanya yana kira: "Bagobiri, ka bar ganye ɗaya can!" Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Malam Bawa ya yanke hukunci a ransa: Alfari ne ya lalata birkin da lodin kifinsa, sa'an nan ya zo yana masa dariya. Abotar shekara talatin ta tsaya cak. Yalwa da Kadija matar Alfari suka koma miƙa wa juna miya ta kan katanga a ɓoye, kamar masu fasa-ƙwauri.

Ranar Alhamis da la'asar Tabita ta sauka gulbi wanki. Ruwa ya kwanta, rana ta zuba masa ja, kwale-kwale suna tafiya a hankali kamar ba su da inda za su. Barnaba ya zo ya zauna nesa kaɗan a kan dutse, yadda mutunci ya tanada. Dogo ne siriri, maraya, hannunsa kullum da baƙin mai. Sau da yawa a nan suke gina gidansu da baki: ɗaki biyu, rumfar kabewa, taga mai kallon ruwa, da 'yan agwagi da Tabita ta riga ta raɗa wa suna. Yau kuwa ta kai har ga launin labule, shi kuwa hankalinsa na wani wuri.

"Barnaba, lahiya? Ko ka fasa agwagin?"

Ya sa hannu a aljihu, ya fito da wani ɗan noti, ya ɗora a tafin hannunsa.

"Mi ne ne wanga?"

"Na birkin Baba ne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ranar da ya kawo keken, ina cikin ɗaurawa kinka wuce da tulu, da kallabin nan naki ruwan ƙwai. Na bi ki da ido har kinka sha kwana. Da na dawo hankalina na ɗauka na gama. Sai da dare ya yi na ji shi cikin aljihu."

Tabita ta saki rigar da take matsewa. Dariya ta taso mata, ta tuna da Baba a cikin yashi, sai kuma ta tuna da tarin Alfari a bayan katanga, dariyar ta koma ciki.

"Wata bakwai, Barnaba? Kana kallo Baba ya ɗora wa bawan Allah laihi?"

"Ina addu'a a kai kullum..."

"Ashe shi ya sa addu'ar ba ta ƙarewa! Mu muna tsaye ƙafahu na kumburi, kai kana kewaye-kewaye, abu ɗaya da ya kamata ka hwaɗi ka ƙi hwaɗi!"

"In na gaya mishi, ya hana ni ke. Tabita, ba ni iyawa. Bari a ɗaura aure tukuna, to, bayan nan..."

Hawaye suka cika mata ido. Tana son yaron nan har cikin ƙashinta, kuma ta san halin mahaifinta sarai.

"Ni ma tsoro nike ji," ta ce. "Amma ba ni shiga ɗakin da anka gina bisa bakin cikin Baba Alfari. Ka hwaɗi gaskiya ran Asabar. In ba ka hwaɗi ba, ni ba ni tona ka, amma goronka ba ni ci."

Ta ɗauki kwanon wanki ta hau gangare tana kuka, ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya za ta janye maganar.

Asabar ta zo. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Fasto ya rako Barnaba da ƙwaryar goro, tun da ba shi da uba a garin. Tabita da Yalwa suka laɓe a bayan labule. Malam Bawa, fuska kamar an ba shi kujerar Makka ta Kiristoci, ya ce, "Kafin komi, ɗana Barnaba shi buɗe muna da addu'a."

Yalwa ta yi ajiyar zuciya ta gyara zama. Aka sunkuyar da kai. Can sai aka ji Barnaba ya ce, "Ya Ubangiji, ka ba ni ƙarfin hali. Amin."

Fasto ya buɗe ido ɗaya. Ba a taɓa jin irin wannan ba.

Barnaba ya durƙusa, ya ajiye notin a gaban Malam Bawa, ya faɗi komai: birki, tulu, kallabi, aljihu. Bai rage ko ɗaya ba, har da cewa hawayen da yake yi a majami'a na tsoro ne.

Malam Bawa ya dubi notin, ya dubi yaron. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kai ne? Kai ne ka sa ni shara gaban matan kasuwa? Kana zama bayana kana rera waƙa awa mala'ika! Tashi! Ɗauki goronka! Ɗiyata ba ta auren maƙaryaci!"

"Malam Bawa, a yi haƙuri..." in ji Fasto.

"Fasto, wanga ba wa'azi ba ne, gidana ne!"

Barnaba ya fita da ƙwaryarsa, kai a ƙasa. Tabita ta faɗa jikin uwarta ta yi kuka mai cin rai. Ita ce ta tura shi, ga abin da gaskiyar ta jawo mata. Duk da haka ba ta yi wa mahaifinta musu ba. Da yamma ta kai masa tuwo ta durƙusa yadda ta saba, idanunta jajur. Shi kuwa ya kasa haɗa ido da ita, ya kuma kasa cin tuwon.

Yalwa ce ta tsaya a kansa. "Malam, yaron da ya ɓoye kana so, da ya hwaɗi gaskiya ka kore shi. To wane kake so a cikinsu?"

"Ke dai kwashe kwanon nan."

Washegari Lahadin farkon wata ce, ranar Jibin Ubangiji. A ikilisiyar nan Malam Bawa ne ke zagawa da faranti, gutsattsarin burodi da 'yan kofunan bisap, wato zoɓo. Kuma kowane wata, kafin a fara, Fasto yakan ce duk mai riƙe da ɗan'uwansa a zuciya ya je ya shirya da shi tukuna. Wata bakwai Malam Bawa yana jin wannan yana wucewa abinsa, don ya yi wa kansa fatawa cewa ɗan'uwa na cikin majami'a ake nufi, Alfari kuwa masallaci yake zuwa. Dabara ce mai kyau, ta yi masa aiki har ranar nan.

Ya bi benci benci, har ya iso na ƙarshe. Ga Barnaba a takure a lungu, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi, bai miƙa ba. Malam Bawa ya tsaya. Iska ta shigo ta taga ɗauke da ƙanshin gulbi, mata suna rera waƙa ƙasa-ƙasa. Yaron nan ya ga bai cancanta ba ya janye hannunsa, shi kuwa wata bakwai yana ci yana sha, yana kuma raba wa mutane. Kunya ta rufe shi, irin wadda ta fi ta tsintsiyar bariki nesa ba kusa ba.

Ya juya, ya ajiye farantin a kan tebur.

"Fasto, ku jira ni. Kai Barnaba, taso!"

Suka fita, jama'a na kallo. Tabita ta bi su daga nesa.

Alfari yana ƙofar gidansa yana ɗinkin taru. Da ya ga mai zuwa sai ya ajiye allura. Malam Bawa ya cire hula, abin da bai taɓa yi wa tsaransa ba, ya durƙusa a cikin ƙasa da rigarsa ta Lahadi.

"Alfari, na zalunce ka. Ba kai ka ɓata birki ba. Ka gafarta mini don Allah."

Alfari ya dube shi. Sai ya ce, "Ni na sani ba ni ba ne. Ni ban taɓa birki ba ma, da ƙafa nike tsayawa."

"To don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Ka tambaye ni? Wata bakwai ina tari bayan katanga, maƙogwaro duk ya ƙare, Bagobiri bai ce sannu ba!" Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Ya kama hannun abokinsa ya ɗaga shi. "Tashi, tashi. Ni ma dariya ta yi yawa ranar nan. Kala suuru, sai haƙuri, in ji Zabarmawa. Na yahe tun tuni, kai ne ba ka zo ka amsa ba."

Suka rungume juna, tsofaffi biyu suna sharɓe hawaye a bakin hanya, Kadija na guɗa daga cikin gida.

Barnaba ya matso ya durƙusa. "Baba Alfari, ni ne. Ni na bari anka zarge ka."

"Kai ne mai kallon tulu? Labari ya riga ka zuwa, ta kan katanga." Alfari ya juya ga Malam Bawa. "To, ni na yahe maka kyauta. Kai nawa za ka sayar wa yaron ga?"

Malam Bawa ya ɗaga kai. Ya hango Tabita tsaye a gindin bishiyar bedi, ta haɗa hannuwa a ƙirji. Ya share fuska da hula.

"Barnaba, na yahe maka. Ni ma ka yahe mini. Ka maido goronka." Ya ɗaga yatsa. "Amma addu'a daga yau irin ta jiya nike so!"

Tabita ta zauna a ƙasa inda take, tana dariya tana kuka a haɗe. Can a majami'a mata sun maimaita waƙa ɗaya har sau tara kafin mutanen su dawo. Malam Bawa ya ɗauki farantin, ya nufi bencin ƙarshe kai tsaye, ya miƙa wa Barnaba da hannu biyu.

Bayan girbi aka ɗaura auren. Da Fasto ya tambaya wa zai tsaya a matsayin uban ango, kafin kowa ya motsa sai ga Alfari ya miƙe daga bakin ƙofa da carbinsa a hannu, ya ce, "Ni ne. Yaron da ya yarda shi rasa mata don shi wanke sunana, ɗana ne."

Barnaba ya kifa kai a kafaɗar tsohon ya yi kuka, wannan karon ba na tsoro ba.

'Yan'uwana matasa, abin da nake so ku riƙe ke nan. Bangaskiya ba tsawon addu'a ba ce, ba kuma kujerar gaba a majami'a ba. Tana wurin da mutum zai faɗi gaskiyar da za ta iya raba shi da abin da ya fi so, ya bar sauran a hannun Allah. Tabita ta yi haƙuri ta ƙi gina aurenta a kan ƙarya, Allah kuwa ya ba ta mijin da ta so, ya ƙara mata da suruki. Wanda duk aka gafarta masa, kada ya tsaya ciniki ranar da aka zo neman tasa gafarar.