Kukan 'Yan Tsugul

Ranar da abin ya fara ba ta bambanta da sauran ranaku ba. Rana ta yi ja ta faɗa bayan katanga, an idar da sallar magariba, Maman Tilo tana kicin tana tace shinkafa, ko kayanta na aikin asibiti ba ta cire ba. Mijinta, wanda unguwa ke kira Injiniya, yana ɗan ɗakin da ya mayar ofis, ya zabga tagumi a gaban kwamfuta. 'Yarsu ɗaya tal, mai shekara goma sha biyar, wadda suke kira Tilo, tana kwance a doguwar kujerar falo da waya a hannu.

Wasan da take bugawa na ubanta ne. Shekara uku suka yi suna haɗa shi, shi da abokinsa Dogo. Jarumin wasan gudu yake a kan katangu da gadoji, yana tsalle daga tudu zuwa tudu. Abokan gaba iri-iri ne a ciki, amma waɗanda suka fi yawa su ne 'yan tsugul, wasu gajerun halittu masu ƙaton kai, babu hannuwa, ba su san komai ba sai kai-kawo a bakin tudu. Kana dira a kan ɗaya zai baje, ya saki wani ɗan siririn kuka, rabi shessheƙa rabi shaƙuwa. Kukan nan shi ya ɗaga wasan. Duk wanda ya ji sai ya dara, har wasu suka mayar da shi ƙarar shigowar saƙo. Wata biyu da fitowarsa, mutane sama da dubu ɗari sun sauke shi a wayoyinsu.

Babu wanda ya kai Tilo taka 'yan tsugul, don tun ana gwajin wasan ita ce mai gwadawa. A yammacin nan ma ta jera guda biyar, ta bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, tana ƙyalƙyala dariya.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Injiniya ya fito, ya leƙa bayan gida, ya leƙa titi. Babu kowa. Yana juyowa na biyu ya faɗo, ya gangaro ya tsaya a gaban takalminsa. Ya ɗauka. Dutsen jiƙe yake sharkaf, da gansakuka a jikinsa, ga sanyi kamar daga firji aka ciro shi, alhali an fi wata uku ba a ga ɗigon ruwan sama ba.

"'Ya'yan maƙwabta ne," in ji shi da ya dawo ciki. Matarsa ta dubi dutsen, ta dube shi.

Haka aka yi kwana huɗu. Da an sallame magariba jifa zai fara, da an kira isha ya tsaya cak. A rana ta biyar wayar Tilo tana kan tebur a kashe, suna zaune su uku, sai kukan 'yan tsugul ya fito daga cikinta. Amma ba gajere ba kamar yadda suka saba ji. A hankali ya taho, ya yi kauri, ya ja tsawo, har ya zama abin da babu mai yi masa dariya. Maman Tilo ta sha jin irinsa a barandar asibiti, a bakin matan da aka fito aka ce su yi haƙuri. Cokali ya suɓuce daga hannunta.

Washegari da almuru suka nemi Tilo a falo ba su gan ta ba. A lungun da ke tsakanin ɗakuna suka same ta, ta manne hannuwanta a jiki, idanunta a buɗe ba ta ƙiftawa, tana tafiya daga wannan bango zuwa wancan. In ta kai bango ta juyo. Bayan 'yan taku sai ta durƙushe lokaci guda, kamar an danna ta daga sama, ta miƙe, ta ci gaba.

"Tilo," in ji uwar. "Tilo, Umma ce."

Yarinya ba ta waiwayo ba. Da uban ya rungume ta don ya tsayar da ita, sai ya ji nauyin da ke danna ta ya bi ta hannuwansa, su biyu suka zube.

Aka kai ta asibitin da uwar ke aiki. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai, komai lafiya lau. Sai dai tsakar kanta ta kumbura, kuma tun daga ranar ba ta ƙara furta kalma ba. Da rana tana zaune inda aka ajiye ta. Da magariba ta kawo jiki sai ta miƙe ta nufi lungu.

A kwana na tara Maman Tilo ta je ta ɗauko kawunta, wani dattijon malami da ya tsufa a kan karatu da yi wa masu irin wannan lalura addu'a. Bayan la'asar suka iso. Bai yi gaggawa ba. Ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar kowa, sannan ya ce a kawo masa duwatsun. Ya juya ɗaya a tafin hannunsa, ya shinshina.

"Akwai rijiya a gidan nan?"

Injiniya ya ce, "Akwai wata tsohuwa a baya, Kawu. Ta ƙafe tun kafin mu sayi gidan. An rufe ta da siminti."

"Me ka taɓa yi a wurin?"

Injiniya ya faɗa masa. Bara, da yana neman sautin da zai sa wa 'yan tsugul, ya gwada komai bai yi masa ba. Wata rana da magariba yana zagawa baya sai ya ji wani sauti na fitowa ta tsagar murfin rijiyar. Ya zaci iska ce, ko kwaɗo. Ya zura makirfo da igiya, ya naɗa, ya yanko ɗan guntu, ya ƙara masa sauri har ya zama abin dariya.

Malam ya ajiye dutsen. "To. Mu jira baƙuwar."

Bayan sallah aka shimfiɗa darduma a falo, aka zaunar da Tilo, uwar ta riƙe ta ta baya. Duhu ya fara taruwa a kusurwoyin ɗakin. Malam ya fara karatu ƙasa-ƙasa, bai ɗaga murya ba, bai tsaya ba. Duwatsu suka yi ta sauka a kan kwano kamar za su huda shi. Can sai suka ɗauke.

Tilo ta ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a dishe, kamar ana jan ƙarfe a kan siminti.

"Ya isa, dattijo. Ba da kai nake ba."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ni ce mai rijiya. Tun ba a aza tubalin gidan nan ba nake ciki. A nan ɗana ya mutu, a nan na binne shi. Kullum in rana ta faɗi ina yi masa kuka, ban taɓa shiga harkar kowa ba." Idanun yarinyar suka juya kan Injiniya. "Wannan ya zuro ƙarfe ya ɗauke min kukan. Tun ranar, in na buɗe baki babu abin da ke fita. Sai dai in ji shi a titi, a aljihun mutane, a motar haya, a bakin shago. Kukan ɗana. Suna takawa suna dariya."

Hawaye na zuba a fuskar Maman Tilo, amma ba ta saki 'yarta ba.

"An zalunce ki," in ji Malam. "Ban musa ba. Amma yarinya ba ta san daga ina sautin ya fito ba."

"Ta fi kowa takawa. Ta fi kowa dariya. Yanzu duk wanda ya taka a ko'ina, a kanta yake sauka. Ta ɗanɗana. Shi kuma ya zauna ya kalli abin da ya haifa, yadda na kalli nawa."

"Wanda aka zalunta ba a ba shi izinin zaluntar wanda bai ji ba bai gani ba. Kin san haka, kuma kin san wanda zai tambaye ki. Faɗi haƙƙinki a biya ki, ki fita. In kin ƙi, zan ci gaba da karatu, kuma kin san ba zan gaji ba."

Jikin Tilo ya yi ta karkarwa. Da muryar ta dawo, ta ɗan sauko.

"A mayar min da kukana inda aka ɗauke shi. A kuma rufe bakin kowane ɗaya daga cikin gumakan nan nasa."

Injiniya ya tashi ya ɗauko kwamfutarsa. A gabansu ya cire sautin daga wasan, ya tura sabon zubi ga duk masu shi. Nan take wayarsa ta hau ruri. Dogo ne. Ana jiyo muryarsa yana cewa ko ya haukace ne, kukan nan shi ne wasan gaba ɗaya, shekara uku fa. Injiniya ya kashe wayar. Ya fita baya da 'yar lasifika, ya durƙusa a bakin rijiya, ya kunna ainihin abin da ya naɗa, yadda yake, ya kara a tsagar murfin har ya ƙare. Sannan ya goge shi.

Da ya dawo ya zauna, sai ya ce, "Akwai abin da ya rage. Wasu ba za su karɓi sabon zubin ba. Wanda ba ya hawa intanet, tsohon zai ci gaba da bugawa. Waɗannan ba ni da iko da su."

Malam ya dube shi, ya sunkuyar da kai. Da Injiniya bai faɗi haka ba, wataƙila da an wuce wurin.

"To ina nan a jikinta har na ƙarshe ya yi shiru," in ji muryar.

"A'a," in ji Injiniya. "Ni na ɗauka. Ki mayar da shi kaina."

"Kai, ɗana, ba a yi wa irinsu tayin jiki," Malam ya katse shi.

"Ya riga ya faɗa," in ji ta. A karon farko bakin yarinyar ya yi wani abu mai kama da murmushi. "Na karɓa."

Malam ya yi ajiyar zuciya, ya gyara zama, ya shiga gindaya mata sharuɗɗa. Ba za ta taɓa hankalin Injiniya ba, ba za ta zubar masa da jini ba. Ba za ta ƙara kusantar yarinyar ko uwarta ba, ba za ta ƙara jifa ba. Ranar da waya ta ƙarshe ta yi shiru, magana ta ƙare. Ta yi gardama a kan na farko, ya ɗaga murya da karatu, ta sakko. Ya sa ta rantse har sau uku.

Tilo ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki a hannun uwarta. Daga bayan gida wani dogon kuka ya taso, ya daɗe yana tafiya, su duka suka sunkuyar da kai har ya lafa.

"Umma," in ji Tilo da 'yar muryarta, "ƙishirwa nake ji."

Kafin uwar ta miƙe, Injiniya ya dafe tsakar kansa da hannu biyu ya kife a kan darduma.

Sati uku ya yi a kwance, da jiƙaƙƙen tawul a ka, duka na sauka a kansa babu ƙaƙƙautawa. Dogo ya zo sau ɗaya, ya kwashe nasa kayan aikin, bai ƙara dawowa ba. Da kukan ya ɓace mutane suka yi ta watsar da wasan, har masu tsohon zubin suka bi sahu, kuma kowannensu da ya watsar sauƙi ne ga wanda ya haɗa shi. Dukan da yake sha ya ragu daga ɗaruruwa a yini zuwa gommai. Ya koma gyaran kwamfutocin mutane a ɗan ɗakinsa. Tilo ta koma makaranta, kumburin ya saɓe, sai dai ba ta ƙara sa wasa a wayarta ba.

Bayan shekara guda saura mutum ɗaya mai buga tsohon zubin. Ba su san ko wane ne ba, ko a wace ƙasa yake. Kullum wajen ƙarfe biyu na rana yake bugawa, kamar mai samun hutun cin abinci, kuma ba gwani ba ne. Daga yawan dukan da tazararsa Injiniya yana gane inda ya kai. Wata huɗu mutumin ya yi yana faɗawa a gada guda.

Wata rana suna cin abincin rana sai Injiniya ya runtse ido, ya riƙe gefen tebur. Matarsa da 'yarsa suka dakata suna jira. Duka bakwai a jere, sannan biyu.

"Yau ya haye gadar," in ji shi, yana share gumi. "Saura mataki biyu ya gama wasan."

Tilo ta dube shi. "Abba, in ya gama ya sake farowa daga farko fa?"

Ya jira ya ji ko akwai saura, sannan ya ɗauki cokalinsa.