Wasiƙun Agege

Kwana tara bayan ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta janye daga unguwar Gwange, Malama Falmata ta koma gidanta ta tarar da laka har ƙauri. Ba ta yi kukan kujeru ba, ba ta yi na atamfofi ba. Kai tsaye ta wuce ɗaka ta jawo wani ƙaramin akwatin ƙarfe, ta fito da shi tsakar gida. Wasiƙu ne a ciki, waɗanda mijinta Alhaji Ajimi ya aiko mata a shekaru shidan farko na aurensu, lokacin yana aikin lodin shanu a Agege ta Legas, ita kuma tana koyarwa a Maiduguri.

A tsaye take jera su tun asali, don haka ruwan da ya shiga ta murfi ya wanke kan kowace takarda, inda ake rubuta daga wane zuwa wance. Ita da autarta Muhsinat suka shimfiɗa tabarma, suna ɓamɓare su ɗaya-ɗaya suna ɗora tsakuwa.

"Kai, Mama! Ashe Baba ɗan lob ne haka?" in ji Muhsinat tana dariya.

"Shanya na ce ki yi, ban ce ki karanta ba."

Suna cikin haka Suwaiba, ƙanwar Alhaji, ta yi sallama ɗauke da kwanon abinci. Ta yi jaje, ta zauna, idonta ya sauka a kan tabarma. Ta ɗauki takarda ɗaya, ta ɗauki ta biyu, fuskarta ta sauya.

"Ya Falmata, wannan ai ba rubutun Yaya ba ne. Na san hannun Yaya kamar yadda na san nawa."

"Ajiye, Suwaiba."

"'Ba na iya barci saboda tunaninki.' A ƙasa kuma an sa Madu! Wannan Babakura! Wannan da Turanci ma aka yi ta, wai Prince! Innalillahi! Yaya yana can yana shan wahala a bayan shanu, ke kina nan maza uku suna aiko miki da takarda?"

Malama Falmata ta miƙe tsaye. Shekara talatin da biyu ta yi tana koyarwa, goma sha ɗaya daga ciki tana shugabar makaranta, ba a taɓa jin sunanta a bakin masu tsegumi ba. Amsar tana kan harshenta, kalma biyar ta isa. Amma ta haɗiye.

Ga abin da ta sani, wanda ba wanda ya sani a dangin. Ajimi ya tafi Legas bai iya karanta ko harafi ɗaya na boko ba. A bakin gidan waya yake zama gaban masu rubuta wa mutane wasiƙa, ya faɗa su rubuta, kowane kuwa ya gama sai ya sa sunansa a ƙasa don a san aikinsa. Da ya dawo gida, ita ta koya masa karatu da rubutu a ɗaka, ƙofa a rufe, shekara biyu cur. Ya gaya wa danginsa makarantar dare ya yi a Legas, ya kuma roƙe ta kada ta taɓa faɗa. Ta yi alkawari. Yau shi ne sakataren ƙungiyar 'yan hatsi a layinsu na Kasuwar Litinin, shi ake kai wa takarda ya duba.

"Takarduna ne," ta ce a hankali. "Ba ni da bayanin da zan yi miki."

"To za ki yi wa dangi!"

Kafin Muhsinat ta tare ta, Suwaiba ta ɗauki hotuna uku da wayarta, ta fice ko kwanonta ba ta waiwaya ba. La'asar ba ta yi ba hotunan suka shiga zauren dangi na waya. Alhaji kuwa yana Zabarmari tun shekaranjiya, ya je duba gonar shinkafarsa da ruwa ya kwantar, ƙaramar waya ce kawai a aljihunsa.

Muhsinat ta shigo da kuka. "Mama, filis, ki yi magana! Kin ga abin da ake rubutawa a gurup? Har matar Kawu ta ce dama ta daɗe tana zargin 'yan boko! Ki kira Baba mana!"

"Ba zan kira shi ba."

"To ni ki gaya mini. Wane ne Prince?"

Wannan tambayar ta fi zagin Suwaiba ciwo. Malama Falmata ta dubi 'yarta har sai da yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Shekara ashirin da uku kina gabana. Idan abin da kika gani a cikinsu bai ishe ki shaida ba, maganata ta yau ba za ta ishe ki ba. Ɗauko tsintsiya, laka ba za ta kwashe kanta ba."

Kwana biyu ta yi a haka. Maƙwabciyar da suke gaisawa kullum ta katanga ta daina leƙowa. A wajen rabon ruwan sha mata suka yi shiru da ta iso. Ta sha kuka a bayan ɗaki, ta wanke fuska, ta fito da ɗaurin kallabinta tsaf. Sau biyu ta ɗauki waya ta nemo lambar Alhaji, sau biyu ta ajiye. Ta san idan ta kira shi, ta tilasta masa ke nan ya zaɓa tsakanin mutuncinsa da nata, ita kuwa ba ta yi alkawari da sharaɗin sai ranar da babu wuya ba.

Ranar Alhamis da hantsi Ba Gana, ƙanin mahaifin Alhaji kuma babban dangi, ya tara mutane a zaurensa. Ya aika Zabarmari aka taho da Alhaji Ajimi, ko gida bai biya ba, laka a ƙafar wandonsa. Suwaiba ta zayyana komai, ta miƙa wayar.

"Falmata," in ji Ba Gana, "ke ba yarinya ba ce. Su wane ne waɗannan mutane uku?"

"Ba Gana, Allah ya ƙara maka girma. Ban taɓa cin amanar ɗanka ba, Allah shaida ne. Bayan wannan ba ni da ta cewa."

"Kun ji ko!" Suwaiba ta tafa hannu. "Rantsuwa ba amsa ba ce!"

Alhaji ya daɗe yana kallon hotunan. Ya ɗago ya dubi matarsa, ita kuwa ta girgiza masa kai kaɗan, alamar ya bari. Sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Madu ɗan Dikwa ne, gurgu, yana zama ƙarƙashin laima a bakin gidan waya. Da ya koma gida na koma wajen Babakura. Prince kuwa ba ya jin Hausa sosai, rabin abin da ya rubuta ba ni na faɗa ba, ƙari yake yi don ya burge. Maganar barcin nan dai tawa ce."

Ya dubi Ba Gana, ya ci gaba.

"Ban yi wata makarantar dare ba, Ba Gana. Ƙarya na yi muku don kunya. Na je Legas ban san bambancin A da B ba. Amsoshinta ma wani ke karanta mini, shi ya sa ta riƙa taƙaita maganarta don kada bare ya ji sirrinmu. Rubutun da Suwaiba ke cewa ta sani, wannan matar ce ta kama hannuna ta koya mini, da allon 'yan aji ɗaya, ina da gemu. Na ce ta rufa mini asiri. Ban san rufin zai kai ta zauna a gabanku ana tuhumarta ba."

Ya juya ga ƙanwarsa. "Kuɗin makarantarki na sakandare, a cikin waɗannan ambulan nake turowa, ita take kaiwa. Ba ki tambaye ta ba, ba ki jira ni ba, kika watsa ta a duniya."

Suwaiba ta fashe da kuka, ta rarrafo ta kama ƙafar Malama Falmata. "Ya Falmata, ki yafe mini don Allah! Kishin ɗan'uwana ne ya rufe mini ido!"

"Na yafe miki tsakanina da ke. Amma inda kika kai maganar, can za ki koma ki gyara, da muryarki, ba da rubutu ba. Sannan ki bi gidajen layinmu ɗaya-ɗaya."

"Yau ɗin nan," in ji Ba Gana. "Kai kuma Ajimi, koyo a hannun matarka ba abin kunya ba ne. Ɓoyewar ce ta kusa jawo mana abin kunya."

A hanyar gida cikin keke, Muhsinat ta kwantar da kai a kafaɗar uwarta tana ba da haƙuri ƙasa-ƙasa. Malama Falmata ta dubi mijinta.

"Alhaji, na ce ka bari. Gobe kasuwa duk za ta ji."

"Ta ji, Malama. Ni zan fara gaya musu da bakina. Shekara talatin kina ɗauke da kayana, yau na karɓa."

Haka kuwa aka yi. Ya faɗa a gaban 'yan ƙungiya, ba wanda ya yi dariya, har dattawa biyu suka bi shi gefe suna tambaya ko Malama za ta karɓi manyan ɗalibai. Matan da suka yi mata shiru su suka riƙa zuwa gaisuwa suna sunkuyar da kai.

'Yan mata da samari, ku lura. Kada ku yanke wa mutum hukunci da rabin takarda, kada kuma yatsanku ya riga hankalinku zuwa waya. Auren ƙwarai shi ne wanda mace za ta tsare asirin mijinta ko da ana jifanta, miji kuma ya ƙi sayen girmansa da zubewar mutuncin matarsa.