Maganin Tafin Ƙafa

An yi wani mutum da bangon ɗakinsa ya rushe, ga damina ta kusa. Kullum yana kwance yana tunani, ya gina ɗaki goma a ka, ya rushe goma.

Ya ce wa yayarsa, "Yaya, jikina ya mutu, hankalina ya ƙi kwanciya."

Ta ce, "Sannu da aiki. Akwai magani, amma ta tafin ƙafa yake shiga."

Ta barbaɗa toka a tarin ƙasa, ta zuba ruwa. Ya shiga ya taka, ya taka, har gumi ya karyo masa, tunani ya watse, ƙasa ta kwaɓu.

Ya ce, "Lallai na ji sauƙi."

Ta ce, "Saura na tafin hannu. Ga bango can."