Ƙararrawar Tashar da Ba Kowa

Rana na shirin faɗuwa ɗan acaɓa ya sauke Filomina a bakin wata gonar doya, ya ce shi iyakarsa nan. Ta ɗora buhu a ka, ta bi layin dogo da ƙafa.

Ƙararrawa ce a buhun, ta wata 'yar tasha can nesa da Keffi, wadda ma'aikatanta suka watse tuntuni. Jirgin kaya kaɗai ke ratsa ta, ba ya tsayawa. Don haka duk ɗan ƙauyen da ya fara jiyo jirgi yakan kaɗa ta saboda masu tsallaka layi.

Filomina ce ta gani ta yi sha'awa. Ta buɗe 'yar makaranta a unguwar Liman Abaji a Keffi, ta ce wa saurayinta Siman mai walda, cikin wasa, in yana sonta ya kawo mata. Ya je ya kwanto ta. Bayan sati biyu jirgi ya take wata tsohuwa ɗauke da itace a tashar. Tun ranar Siman ya daina magana, ya daina cin abinci, kullum hannuwansa toshe da kunnuwansa. Sai ramewa yake.

Tashar tsit. Warin tsatsa da kashin jemage. Ta taka benci ta rataye ƙararrawar.

"Kin sha hanya, 'yata."

Tsohuwa ce zaune a ƙarshen bencin, damin itace a gabanta.

"Iya, ni na sa shi," in ji Filomina, muryarta can ƙasa. "Ki sake shi."

"Yaran naki suna shiga aji kan lokaci?"

Filomina ta sauko daga bencin. Ta ja da baya, ta dira kan layi za ta tsallake. Ƙafafunta suka ƙi ɗaguwa.

Kukan gyare ya ɗauke. Ko numfashinta ba ta ji.

Ƙarfen layin na rawa a ƙarƙashin tafin ƙafarta.

Sai ƙararrawa ta kaɗa. Sau ɗaya.

Ta faɗa cikin ciyawa. Jirgin ya wuce, iskarsa ta fizge mata ɗankwali.

Da ta ɗago, ba kowa a bencin. Igiyar ce kawai ke lilo.

Washegari Siman ya buɗe baki ya nemi kunu. Filomina kuwa ta koma ƙauyen da rana tsaka, ta nemi gidan marigayiyar. Mairo sunanta. Ta durƙusa gaban 'ya'yanta, ta faɗi komai.

Babbar 'yar ta saurara har ƙarshe, tana kallon ƙasa.

"Shekara ashirin," ta ce, "ita ke riga kowa kaɗa wa mutane."